Sakan Goma Sha Ɗaya na Ɗanlarai Mai Agogo

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar lori ta Yendi a shekarun tamanin, in dai yana ɗaure da agogo, to ya san Ɗanlarai. Teburinsa na nan gindin dalbejiya, da ɗan akwatin gilashi cike da agogunan da masu su suka manta da su, shi kuma kullum a duƙe, ya maƙala ɗan madubi a ido. Gajere ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Amma fa in ka kawo masa agogon da wani ya riga ya jagwalgwala, sai ka sha faɗa kafin ka sha gyara. "Wa ya buɗe wannan? Da cokali aka buɗe shi?" Haka yake tambaya, ko da daga gidan wa aka aiko.

Mutumin Salaga ne, jikan fataken goro da suka zauna a can tun Salaga tana Salaga, shi ya sa Hausarsa ba ta karye irin ta yaran zango ba. Sana'ar kuwa a Bawku ya koyo ta, shekara bakwai a hannun wani Bayarabe mai zafin rai, sannan ya gangaro Yendi, ya auri Atikatu, ya kafa teburinsa. Abin da ya fi gyaran agogo fito da sunansa shi ne ido. Wallahi mutumin nan Allah ya ba shi ido! Ranar ashirin da tara ga Sha'aban, in jama'a suka taru bayan masallacin zango suna ta raba ido a sama, shi ke fara hango jinjirin wata. Sai dai yana da ƙa'ida guda wadda bai taɓa karyawa ba: ba ya buɗe baki sai ya kama hannun wani ya nuna masa, shi ma ya gani. Cewa yake, abin da mutum ya gani shi kaɗai bai zama shaida ba.

Abin da mutanen Yendi ba su sani ba shi ne, mai idon nan ɗan makaho ne. Mahaifinsa Malam Mumuni gwanin ɗinkin wuyan riga ne a Salaga, kuma yana cika shekara hamsin idonsa ya tafi. Ɗanlarai bai manta yadda abin ya fara ba. Wata rana tsohon ya ajiye allura ya ce, "Wa ya hure fitila?" alhali rana tsaka ce. Duhun ya ɗan jima ya wuce. Bayan wata biyu ya dawo, ya sake dawowa, daga nan ya zauna. Shekara tara Ɗanlarai yana riƙe masa sanda.

To, a shekarar da nake ba ku labari Ɗanlarai yana da arba'in da tara, kuma ƙananan kusoshin agogo sun fara yi masa hazo-hazo. Sai ya matsar da agogon gaba, ya dawo da shi, ya murza ido. Da yamma kansa ya yi ta sara. Bai gaya wa kowa ba, har Atikatu. Tsoro ne ya cika masa ciki, tsoron ranar da shi ma zai tambayi wanda ya hure fitila.

Ana cikin haka, damina ta ɗauke, sama ta wanke tas, sai ga Masta Wahabu a kan babur ɗinsa mai hayaƙi. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, saurayi mai rawar kai, wanda in ya fara zancen taurari sai ka nemi hanyar gudu. Ya zo da wasiƙa daga wata ƙungiyar masu kallon sama a Turai, da taswira duk an ja mata layi.

"Baba Ɗanlarai," in ji shi, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "can nesa, inda zafin rana ba ya kai, akwai wani dunƙulen dutse da ƙanƙara. Suna ma ba shi da shi, lamba kawai. Madubinmu ba zai gan shi ba. Amma Talata na sama, bayan isha'i, zai wuce gaban wani tauraro."

Ya ɗauki goro guda daga tebur ya ɗaga shi a rana, inuwarsa ta faɗo kan katako, ya ja goron a hankali inuwar tana binsa. Ya ce haka inuwar dutsen za ta ratsa ƙasa, siririya, kuma wanda ta bi ta kansa ne kawai zai ga tauraron ya ɗauke ya dawo. In aka auna tsawon ɗaukewar, mutanen can za su san faɗin abin da ba su taɓa gani ba. Shi Masta zai tsaya a Yendi da babban madubin hangen nesa na makaranta. Surukinsa Mikaila, mai awon ƙasa, zai tsaya a Bawku da madubin aikinsa. Saura kudu, kuma a kudu ba shi da kowa sai mutumin Salaga mai ido da agogo.

"Amma ka sani," ya ƙara, yana buga yatsa a taswira, "inuwa tsakanin Yendi da Bawku zai bi, ƙarfe takwas da minti ashirin da biyu. Salaga ba zai kai ba. Kai shinge ne kawai, ka shaida mana cewa a can ba abin da ya faru."

Ɗanlarai ya so ya ƙi. Amma me zai ce? Ya ce idonsa ya fara? Gara ƙasa ta tsage ya shige. Kuma zancen minti ashirin da biyun nan ya burge shi ƙwarai. A ganinsa, mutanen da suka iya faɗin minti tun wata guda kafin ranar, ba su ne za su yi kuskure ba. Ya saita agogunan su ukun da ƙarar rediyo, ya karɓi ƙaramin madubi mai ƙafa uku da agogon tsere na makaranta, irin wanda ake dannawa ya tashi a sake dannawa ya tsaya, ya hau lorin Salaga ranar Litinin.

A gidan yayarsa Damata ya sauka. Damata mai ƙuli-ƙuli, wadda duk Salaga an san bakinta ya fi tukunyar suyarta zafi. Mijinta tsohon soja ne, ya rasu ya bar mata gida da wani madubin hange mai ido biyu da take ajiye da shi a ƙasan akwati. Ita ta goyi Ɗanlarai, kuma har ya yi furfura ba ta daina ganinsa da majina a hanci ba. Ya san in ya ce mata wasu Turawa sun faɗi ranar da tauraro zai ɗauke, za ta ce ya shiga harkar duba, ta tara masa unguwa. Saboda haka ya taƙaita, ya ce Masta ne ya aiko shi ya duba masa wani tauraro, aikin makaranta.

"Daga Yendi har Salaga don tauraro?" in ji ta. "Na Yendi sun ƙare ne? Kai dai auta, ba ka girma."

Duk da haka da ya kafa madubinsa a tsakar gida don gwaji, sai ga ta da na mijinta tana goge shi da bakin zane. Wai ita ma sai ta ga abin da ya taso da mutum daga garinsu. Ya kifa mata turmi ta ɗora gwiwar hannu a kai, ya nuna mata taurarin Kaza da 'Ya'yanta suna tasowa daga gabas, ya ce ta gangaro ƙasa kaɗan za ta ga wasu uku sun zauna kamar duwatsun murhu. Na hagun shi ne. Ta yi ta mita har ta same shi, ta ce, "Wannan ɗan mitsitsin? Ko gyaɗa bai kai ba."

Ranar Talata suna idar da isha'i suka zauna, shi a madubinsa, ita a turminta. Garin shiru, sai rediyon maƙwabta da kukan wani jaki can bayan rijiyoyi. Ɗanlarai ya kafa ido tun takwas da kwata, babban yatsansa a kan agogon tsere, ba don yana jiran komai ba, sai don aikin da aka sa shi ke nan. Tauraron na nan, ɗan fari, a tsaye cak.

Sai ya ɗauke.

Ba dusashewa ya yi ba, ba gajimare ba ne, babu ko ɗigon gajimare a sama. Yana nan, sai babu shi, kamar an hure fitila. Yatsan Ɗanlarai ya danna agogo da kansa, don hannun mai sana'a ba ya jiran shawara. Shi kuwa ya ce, "Innalillahi," can ƙasa-ƙasa. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, wurin nan baƙi ƙirin. Sai kuma tauraron ya dawo ɗaf a mazauninsa kamar bai je ko'ina ba, yatsan ya sake dannawa. Ya haska agogon hannunsa da tocila: takwas da minti goma sha tara. Saura minti uku cur lokacin Masta, kuma a garin da aka ce inuwa ba za ta zo ba.

"Lafiya?" in ji Damata, muryarta wata iri.

"Sauro ne, Yaya."

Ya ci gaba da kallo har ƙarfe tara saura, tauraron bai sake motsi ba. Ita kuwa tuni ta naɗe madubinta ta shige ɗaki, ko sai da safe ba ta yi masa ba. Bai lura ba, don hankalinsa na kan ɗigon duhun nan da ya gani. Ya ce a ransa, shi ke nan, abin Baba ya iso.

Ya koma Yendi da ɗan guntun fata guda: in Masta ya ga wani abu, ko da a wani lokaci daban, to da sauƙi. Ya tarar da shi zaune a kan babur kamar an yi masa mutuwa. Yendi ba abin da ya faru. Mikaila ya aiko takarda ta hannun direban lorin Bawku, shi ma ya kalla har wuyansa ya ƙage, tauraro ko gezau.

"Salaga fa, Baba?"

Ɗanlarai ya dubi ƙasa. Mutum biyu masu ilimi, a inda aka ce abin zai bi, ba su gani ba. Shi kaɗai, ɗan makaho, a inda aka ce ba zai bi ba. Wa zai kama wa hannu ya nuna?

"Ni ma ban ga komai ba," ya ce.

Ya mayar da madubi, amma ya riƙe agogon tseren, wai agogon na son a sa masa mai. Ya jefa shi cikin aljihun tebur yadda yake, allurarsa a tsaye inda ta tsaya.

Kai, sati ukun da suka biyo baya ba su da daɗin faɗi. Ya daina karɓar ƙananan agogunan mata, ya ce ba shi da kayansu. Tuwo ya ƙi shiga. In zai tafi masallaci da asuba sai ya rufe ido yana ƙirga taku daga ƙofar gida zuwa kwata, daga kwata zuwa shagon tela, yana koyon hanya tun kafin a tilasta masa. Rannan ya yi karo da akuyar mutane. Atikatu ta tambaya har ta gaji, ya ce zazzaɓi ne. Ta dafa masa ganyen dalbejiya mai ɗacin tsiya, ya shanye bai ko yamutsa fuska ba, a nan ta san abin ya wuce zazzaɓi.

Ranar wata Alhamis da hantsi, lorin Salaga ya sauke Damata, da kwano cike da waina a ka da farin zakara a hammata. Damata da ba ta barin tukunyarta ko ranar salla! Ta shigo gida ta tarar da shi a kan tabarma, ta dube shi sama da ƙasa, ta ga yadda wuyansa ya zurma a riga. Sai ta dire kwano, ta miƙa wa Atikatu zakara, ta fashe da kuka.

"Na sani! Wallahi na sani! Atika, kira yara su raba wainar nan, a yanka zakaran nan yanzu-yanzu. Auta, kada ka ɓoye mini, ni na goye ka. Na san abin da ke cin ka, don ni ma na gani."

Ɗanlarai ya ɗago a hankali. "Me kika gani, Yaya?"

"Tauraron mana! Na hagun murhun nan da ka nuna mini. Ina kallonsa ya mutu. Na ji ka ka yi salati, ka ce mini wai sauro. Sauron gidan wa?" Ta share hanci da gefen mayafi. "Kakarmu ta sha faɗi, kowane mai rai da tauraronsa. Ka taso tun daga Yendi, ka tsallake taurari dubu ka zaɓi wannan, ya mutu a gabanka. Na wa zai zama in ba naka ba? Mugun gani kuwa ba a faɗinsa, sai a tofa hagu a yi sadaka. Juma'a uku ke nan ina yi. Shekaranjiya na yi mafarkinka, na ce a'a, gara in je in gan shi da raina."

Ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba.

"Yaya, don girman Allah, ki natsu. Da idonki kika ga ya ɗauke?"

"Da na aro na gani?"

"Ya dawo?"

"Ya dawo. Ina ganin ya mutu na kama Ƙulhuwallahu, ina kai ƙarshe ya dawo. Shi ne ma ya sa na ce wataƙila sadaka ta yi magani."

Ɗanlarai ya zauna daɓas. Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, kukan ya koma dariya, har Atikatu ta saki zakara ya tsere bayan rumbu. Yana ta faɗin, "Alhamdulillahi, ba idona ba ne! Yaya, ba idona ba ne! Mu biyu muka gani!" Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka har tafin ƙafa, irin wanda bai ji ba tun ranar da Atikatu ta sauka lafiya a haihuwar fari. Da ƙyar ya iya yi musu bayani daga farko: dutsen ƙanƙara, goron Masta, inuwa, da abin da ya ɗauka ya same shi.

Damata ta saurara har ƙarshe, hawayenta suka bushe, bakinta ya dawo.

"Au! Wato ka san abin zai mutu, ka bar ni ina zubar da hawaye ina yanka kajina? Dutse ne ya wuce? Amma kai dai an yi ɗan banza! Da ka buɗe baki a daren nan da wa ya wahala?"

"Ke ma ai ba ki buɗe ba, Yaya."

"Ni don kai na yi shiru!"

"Ni ma don ku na yi."

Atikatu ce ta raba su, ta ce duk su biyun tuwonsu ɗaya miyarsu ɗaya, a tashi a kamo zakara, sadakar godiya ma sadaka ce.

Da la'asar Ɗanlarai ya ɗauki agogon tsere ya tafi makaranta, Damata na biye da shi, wai ita ce shaida ta biyu, ba mai barin ta a baya. Ya ajiye agogon gaban Masta Wahabu, allura na kan sakan goma sha ɗaya da ɗan ɗoriya, ya ce, "Masta, na yi maka ƙarya, ka yafe mini." Masta ya ji labari ya ɗora hannu biyu a ka, ya zagaya tebur sau biyu.

"Baba, ka kashe ni! Lissafi ne fa, ba wahayi ba! Abu na can nesa haka, kuskure kamar gashi ɗaya zai ture inuwa mil ɗari, ya ture lokaci. Don me ka ga na sa mutum uku? Rashin gani na Yendi da Bawku ma aiki ne, amma kai ne ka kama shi!"

Ya zaunar da Damata ya sa ta karanta Ƙulhuwallahu yadda ta karanta a daren, yana aunawa. Ta harare shi ta karanta. Sakan goma ya samu. Ranar ya rubuta wasiƙa, da sunan su biyun a ciki.

Saura hazon kusoshi, kuma wannan matan ba su bar shi ya sake ɓoyewa ba. Sati na zagayowa Atikatu ta sa shi gaba har Bawku, wurin likitan ido. Suka kwana gidan Mikaila, wanda ya yi ta ƙorafin cewa shi ya yi ciwon wuya wani ya ci riba. Likita ya ɗiga magani, ya haska, ya leƙa, ya tambayi labarin mahaifinsa, sannan ya ce ba ya ganin alamar wannan cuta ko kaɗan. Idon lafiya lau, na nesa ma ya fi na likitan. Shekaru ne kawai, kuma maganinsu tabarau na kusa, irin wanda kowane tsohon tela ke sawa.

Washegarin dawowarsu Yendi, Atikatu na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, shi kuma yana kan kujera da sabon tabarau, bai ko tafi tasha ba. Ta ɗago ta ga ita yake kallo. Ta sunkuya, ta sake ɗagowa, har yanzu ita.

"Wai Malam mene ne? Sati uku ka yi kana bina da ido kamar baƙuwa, na yi shiru don na ga ba ka da lafiya. Yanzu kuma fa?"

Ya gyara zaman tabarau a hanci.

"Wancan lokacin haddace ki nake yi, Atika. Na ce in duhun ya zo ya zauna, kada fuskarki ta ɓace mini yadda ta Inna ta ɓace wa Baba. Ya taɓa gaya mini, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta kawar da kai, ta ja gefen ɗankwali ta goge ido, ta daɗe ba ta juyo ba.

"To yanzu fa?" ta ce.

"Yanzu kallo kawai nake yi. Ashe kina da furfura har huɗu a nan gefen."

"Kai ka sa mini su," in ji ta. "Tashi ka tafi aiki, mutane na jira."